Ƙofar Inna

A ginin nan mai hawa shida babu wanda yake kiransa da sunan da aka raɗa masa. Tun makon da ya kama aikin kula da ginin mazauna suka gwada sunan a bakinsu, ya ƙi zama, suka haƙura suka koma ce masa Mai Makullai. Bai ji haushi ba. Makullan kuwa akwai su, tuli guda a zobe ɗaya, rataye a ƙugunsa: na ɗakin mitoci, na rufin bene, na ɗakin shara, na ɗakin tukunyar ruwan zafi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne makullan nan ba sa ƙara. Ya naɗe su da tsumma tun shekararsa ta biyu, ranar da ya tsinci wata 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofarsa tana sanar da shi, cikin ladabi ƙwarai, cewa ƙarar makullansa tana tayar da jaririn hawa na biyu. Jaririn yanzu ya yi gemu ya bar gida, tsumman yana nan.

Mutanen ƙasar nan da ya zo neman abinci haka suke. Ba sa faɗa maka laifinka ido da ido. Za su yi maka murmushi a matakala, su riƙe maka ƙofar lifta, sai ka dawo ɗaki ka tarar an zuro takarda a ninke biyu, ta fara da gaisuwa ta ƙare da godiya, a tsakiya kuwa an yanka ka ba jini. Shekara ashirin da uku Mai Makullai yana tsintar irin waɗannan, yana tarawa a wani gwangwanin biskit a saman kabad. Ba don riƙo yake tarawa ba, bitar su yake yi kamar ɗalibi. Daga cikinsu ya koyi cewa ba a barin takalmi a bakin ƙofa. Ba a dariya da ƙarfi a farfajiya. Ba a girki taga a buɗe. Baƙi in sun wuce uku sun zama taro. Gaisuwa kalma ɗaya ce, kuma ana yin ta ana tafiya, ba a tsayawa. Duk takardar da ta zo sai ya cire wani abu daga jikinsa ya ajiye, har ya zama in yana hawa bene ko shi kansa ba ya jin motsin kansa.

Ladan da ya samu shi ne wata magana da ake yawan faɗa masa: "Kai ba kamar sauran ba ne." Shugabar kwamitin mazauna ta fi kowa faɗar ta. Tsohuwar malamar makaranta ce, tana hawa na uku, ba muguwa ba ce ko kaɗan, ita ce ma ta koya wa 'yarsa karatu kyauta lokacin tana ƙarama. In ta faɗi maganar nan da zuciya ɗaya take faɗa. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya yi godiya, ya wuce yana jin daɗi da kunya a lokaci guda, domin ya san su wane ne sauran. Mutanen garinsu ne, waɗanda in ya hango su a tashar bas suna hira da ƙarfi sai ya tsallaka titi.

Ɗakunan da yake zaune a ciki da matarsa suna ƙasa, kuma ba nasa ba ne, na aikin ne. Kowace shekara kwamiti yakan zauna a ɗakin taro, a ɗaga hannu, a sabunta masa kwantiragi. Ba a taɓa ƙin ɗagawa ba. Amma mutumin da rufin kansa yake rataye a hannun maƙwabta goma sha ɗaya ya san yadda zai taka ƙasa.

A shekara ta ashirin da huɗu ya ɗauko mahaifiyarsa.

Inna ta haura tamanin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu maza sun riga ta gidan gaskiya, mata kuma kowace tana fama da nata gidan. Shi ne auta, kuma har yanzu, da furfurarsa da komai, Auta take ce masa. Shekara biyu ya yi yana zarya a ofisoshi kafin a yarda ta zo. Ranar da ya ga an turo ta a keken guragu a filin jirgi, tana faɗa da mai turawar cewa ƙafafunta lafiya lau suke, sai da ya juya baya ya share ido.

Washegari da safe ya fito daga ɗakin shara da bokiti a hannu, ya tsaya cak. Ƙofar gidansa a wangale take. An tokare ta da 'yar kujerar roba ta banɗaki, Inna kuma ta ja kujerar falo ta zauna a bakin ƙofar, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu. Ƙofar tasu kuwa tana kallon gindin matakala da akwatunan wasiƙu, ba mai fita ko shiga ginin da ba zai bi ta gabanta ba.

"Inna, me kike yi a nan?"

"Me nake yi kuwa? Zaune nake. Wai Auta, gidan nan mutuwa aka yi? Tun asuba nake jin tafiyar mutane, ba wanda ya ce wa wani ci kanka."

Kafin ya ba ta amsa sai ga wani matashi ya sauko da jaka a kafaɗa, yana sauri. Inna ta ɗaga murya, muryar da ta saba kiran jikoki daga wancan ƙarshen gida.

"Samari, an tashi lafiya? Ya mutanen gidan? Ina babar taka? To, a sauka lafiya, Allah ya ba da sa'a!"

Matashin ya razana har ya kusa ɓata taku. Bai ji ko kalma ɗaya ba, domin Inna ba ta san harshensu ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa wannan ya hana ta gaishe shi ba. Ya yi wani guntun murmushi ya fice kamar an biyo shi.

"Kunya gare shi," in ji Inna. "Yaron kirki ne, daga gani."

Cikin mako guda ta raɗa wa kowa suna. Akwai Mai Sauri, akwai Doguwa, akwai Masu Faɗa na hawa na biyar, waɗanda ta gane ba sa ga maciji da juna daga yadda mijin yake riga matar sauka. Shugaba ta zama Mai Tabarau. Wani tsoho na hawa na huɗu, wanda yake fita da ƙaramin karensa sau biyu a rana, ya zama Mai Kare, kuma shi har karen Inna take tambaya. "Ya ɗan naka? Ya kwana lafiya? Allah mai iko, mutum da girmansa yana kwashe kashin kare a leda." Tsohon ba ya jin abin da take cewa, sai ya tsaya ya ɗaga hula. Da yamma in Auta da matarsa suka dawo sai ta ba su labarin ginin kaf, wa ya rame, wa ya yi sabon takalmi, wace ce take da ciki ba ta sani ba tukuna. Matarsa, wadda take aikin wanki da guga a wani asibiti tun safe har la'asar, takan yi dariya har ta riƙe ciki. Rabon da a yi irin wannan dariyar a ɗakin nan an daɗe, shi ya sa Auta yakan tashi ya duba ko taga a rufe take.

Takarda ta farko ta zo a rana ta tara. Tana yi wa mahaifiyarsa barka da zuwa, sannan tana tunatar da shi cewa farfajiya ta kowa ce. Ta biyu ta ce ƙamshin girki yana hawa har sama. Ta uku ba sa hannu, ta ce akwai mazaunan da ba sa jin daɗin a riƙa sa musu ido in za su fita. Da yake ƙofar a buɗe take wuni, ba ƙarƙashinta aka zuro su ba, a akwatin wasiƙunsa aka saka, a kan idon Inna, wadda ta gaishe da kowane mai sakawar ta kuma sa masa albarka.

Ya karanta wa matarsa su a kicin, murya ƙasa ƙasa.

"To sai me?" in ji ta. "Tsohuwa ce. Gaisuwa ta yi, ba zagi ba."

"Ke kin san mutanen nan."

"Na san su, na kuma san ka. Baban yarinya, shekara nawa muna tafiya a kan yatsun ƙafa a gidan nan? 'Yarmu ta tashi ba ta iya dariya da baki buɗe ba. Yanzu kuma Inna za ka koya wa?"

"Taron kwamiti saura mako bakwai."

Ita ma ta san abin da wannan yake nufi. Mutum mai shekara hamsin da biyar, baƙo, da tsohuwa a hannu, ina zai nufa in hannuwan nan suka ƙi tashi? Takardar zaman Inna ma a kan wannan adireshin da wannan aikin aka ba da ita.

Shugaba ba ta rubuta takarda ba, ita ta fi su zuciya. Ta same shi a ɗakin mitoci yana karanta lambobi, ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara tabarau.

"Mahaifiyarka mace ce mai fara'a," ta ce. "Ni kam ba ta dame ni ba. Amma ka san mutane. Wasu sun fara cewa da ma haka abin yake farawa, yau kujera ɗaya, gobe biyar. Na ce musu a'a, wannan Mai Makullai ne, ba kamar sauran ba ne, zai nuna mata yadda muke zama a nan. Na tsaya maka. Na san ba za ka ba ni kunya ba."

Ya ce ya gode. Har ta hau bene yana tsaye da biro a hannu, ya manta lambar da yake rubutawa.

Sau uku yana zama gaban Inna da niyyar yi mata magana. Ta yaya ɗa zai dubi uwar da ta haife shi ya ce mata gaisuwarta ta yi yawa? Matar da a garinsu ƙofarta ba ta taɓa rufuwa da rana ba, wadda in ta kwana biyu ba ta leƙo ba unguwa take cika gidan a ga ko lafiya? Duk lokacin da ya buɗe baki sai ta riga shi da labarin Mai Kare ko na Doguwa, sai ya haɗiye maganar. A nan ne ya yi abin da ya fi iyawa. Bakinsa ya kasa, sai ya koma ga akwatin kayan aiki.

Akwai wani ƙarfe mai gwiwa da ake ɗaurawa a saman ƙofa, wanda in an buɗe ta aka saki sai ya mayar da ita ta rufu da kanta. Duk ƙofofin matakala na ginin suna da shi, kuma shi yake gyara su, ya san halinsu kamar yunwar cikinsa. Yana da guda a ajiye. Ranar wata Asabar ya ɗauko tsani ya ɗaura shi a ƙofarsu.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Inna.

"Doka ce, Inna. Saboda gobara."

Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, amma shi ya san ƙofarsu ba ta cikin waɗanda dokar ta shafa. Inna ta kalli ƙofar tana tafiya a hankali ita kaɗai har ta rufu, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ƙasar da har ƙofa ba ta son mutane." Washegari ta tokare ta da kujerar roba kamar kullum, ta zauna abinta.

A jikin ƙarfen akwai wani ɗan noti. In aka juya shi dama, ƙofar takan ƙara ƙarfin turawa. Ranar Litinin, kafin Inna ta idar da lazimi, ya sa sukundireba ya juya shi kwata, wato rubu'in zagaye. Kujerar roba ta fara zamewa, ƙofar tana tura ta a hankali har ta kai ta waje. Inna ta koma tokarewa da silifa. Bayan kwana huɗu ya ƙara kwata. Silifa ta kasa. Ta ɗauko turmin ƙarfe na kicin, da kyar ta jawo shi, ya riƙe kwana biyu, sai matarsa ta nemi turminta. Ya ƙara kwata. Yana yi ne da sassafe, cikin minti ɗaya, ya mayar da sukundireba aljihu ya je ya gaishe ta ya tambayi yadda ta kwana. Wallahi da wani ne ya yi wa uwarsa haka da sai an raba su.

Wata ranar da yamma ya tarar da ita zaune a falo tana murza damtsenta.

"Auta, jikin nan ya fara sallama. Da na zo da hannu ɗaya nake buɗe ƙofar nan. Yau da hannu biyu na ja iya ƙarfina, ta ƙi. Ƙarfina ne yake ƙarewa."

Matarsa tana tsaye da faranti a hannu. Ta kalle shi, kallon da bai taɓa gani a idonta ba tun aurensu, ta ajiye farantin ta shige ɗaki. Shi kuwa ya ce wa Inna ai sanyin ƙasar ne, yana kama gaɓoɓi, zai samo mata man shafawa. Ya kuwa samo, ya shafa mata da hannunsa.

Amma Inna ba yarinya ba ce. Bayan kwana biyu ta fito da wuri ta same shi a kan tsani, sukundireba a cikin notin. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya sauko.

"Kai ne ashe."

Ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi ɓarna. Maganar da ta ƙi fita mako biyar ta fito gaba ɗaya, a hargitse. Ya ce mutanen nan ba sa son hayaniya. Ba sa son a gaishe su, ba sa son a kalle su, ba sa son jin muryar kowa. Ya ce gidan nan ba nasa ba ne, in suka gaji da su hannu kawai za su ƙi ɗagawa, shi ke nan, sai titi, ita kuma a mayar da ita inda ba mai ɗebo mata ruwa. Ya tashi ya sauko da gwangwanin biskit ya buɗe mata, takardun shekara ashirin da uku, duk da ya san ba ta iya karanta ko ɗaya.

Inna ta sa hannu ta taɓa takardun, ta jujjuya su.

"Duk wannan faɗa ne aka yi maka?"

"Ba faɗa ba ne, Inna. Gyara ne."

"To." Ta mayar da murfin ta danna shi da tafin hannu. "Ai da ka faɗa mini tun farko, da ba ka wahalar da ƙarfe ba. Ni na zo in zauna da kai ne, ban zo in tashe ka ba."

Daga ranar ba ta sake taɓa ƙofar ba. Inna mace ce da in ta ɗauki abu ba ta yi masa rabi da rabi. Ta mayar da kujerar falo wurinta. Ta rage murya har sai an matso ake jin ta. In cokali ya faɗi daga hannunta sai ta dafe ƙirji ta kalli silin. Tari ma a cikin mayafi take yi. Labarin yamma ya ƙare, domin ba ta ganin kowa, sai dai wani lokaci takan ce, "Na ji saukar Mai Sauri yau, kamar yana ɗingishi." Takan zauna wuni tana fuskantar ƙofar a rufe, tana sauraren ƙafafu.

Ranar taro hannu goma sha ɗaya suka tashi. Shugaba ta ƙara da 'yar magana, ta ce tana so a rubuta cewa mahaifiyar Mai Makullai ta saba da zaman ginin cikin ɗan lokaci, abin koyi ne ga wasu. Aka tafa kaɗan, irin tafinsu da ba ya tayar da kowa. A bakin ƙofa tsohon nan mai kare ya riƙe hannun rigar Mai Makullai.

"Ina tsohuwar? Ba ta da lafiya ne? Matata ta rasu shekara shida ke nan, kuma tun daga lokacin ba wanda yake tsayar da ni da safe sai mahaifiyarka. Ban san me take cewa ba, amma nakan ba ta amsa."

"Tana hutawa ne," in ji Mai Makullai. Ya so ya tambaye shi me ya hana shi faɗar haka a cikin taro, ko ya rubuta tasa takardar. Bai tambaya ba, domin ba a yi wa mazauna irin wannan tambayar.

Wata uku bayan haka, ranar wata Talata, magudanar ruwan rufin bene ta toshe. Matarsa ta fita aiki tun bakwai. Ya bar Inna da shayinta wajen tara saura, ya hau sama. Ya sauko sau biyu, sau ɗaya ɗaukar tsani, sau ɗaya kuma tare da Shugaba, wadda take son nuna masa wani tsagu a bangon farfajiya. Sun tsaya dab da ƙofarsa sun fi minti goma suna maganar siminti da fenti. Sai ƙarfe ɗaya da rabi ya shiga cin abinci.

Ƙofar ta buɗe rabi ta tokari wani abu mai laushi. Inna ce kwance a ƙasa, a ɗan lungun da ke tsakanin ƙofa da falo, ƙafarta ɗaya a karkace yadda ƙafa ba ta karkacewa. Kofin shayi ya fashe a gefenta, shayin ya bushe a kan leda. Leɓɓanta sun yi fari. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, har ya jiƙe.

"Inna! Inna! Tun yaushe?"

Ta zare mayafin daga bakinta. "Yi a hankali," ta ce. "Tun fitarka. Santsi ne ya kwashe ni."

Awa huɗu da rabi. Taku ɗaya tsakaninta da ƙofa, ƙofar kuma katako ce mara kauri, ana jin komai ta cikinta. Mai kawo wasiƙu ya zo ya tafi. Doguwa ta fita ta dawo. Mai Kare ya wuce sau biyu.

"Me ya hana ki kira? Inna, me ya hana ki ƙwala ihu? Na wuce ta nan, sau biyu na wuce!"

"Na ji ka. Na ji tarinka." Ta numfasa da kyar. "Na buɗe baki zan kira, sai na ji muryar Mai Tabarau. Na ce kada in kunyata ka a gabanta."

Ihun da Inna ba ta yi ba shi ya yi shi. Ginin nan bai taɓa jin muryarsa ta gaskiya ba sai ranar. Ƙofofi suka buɗe tun daga hawa na ɗaya har na shida, mutane suka sauko a guje, wani ya kira motar asibiti, Doguwa ta kawo bargo, Shugaba ta durƙusa a kan ledar da gwiwoyinta masu ciwo ta riƙe hannun Inna tana hawaye. Ba wanda ya yi ƙyashin taimako, a faɗi gaskiya. Ƙofar ce kawai take ta turo masu ɗaukar gadon, sai da Mai Sauri ya tsaya ya danne ta da bayansa.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Likita ya ce da an kawo ta da wuri da aikin ya fi sauƙi, kwanciyar da ta yi a ƙasa mai sanyi ta taɓa ƙodarta. Ta yi mako biyar a asibiti. A kwana na biyu Mai Makullai ya dawo ɗaukar mata kaya ya tarar an zuro kati ta ƙarƙashin ƙofa, mai hoton furanni, duk mazauna sun sa hannu. A ƙasa Shugaba ta ƙara layi ɗaya da rubutunta mai kyau: "Don Allah ka gaya mata, in wani abu ya sake faruwa ta kira mu da ƙarfi. Ai mu maƙwabta ne." Ya karanta sau biyu. Ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya sa shi a gwangwanin biskit tare da sauran.

A ranar ya hau tsani ya kwance ƙarfen. Noti huɗu ne kawai, bai ɗauke shi minti biyar ba. Ramukan suna nan a saman ƙofar har yau, bai toshe su ba.

Da aka sallamo Inna ba ta iya tafiya. Suka fitar da kujerun falo suka sa mata gado a wurin, ya juya shi da kansa yadda in ta buɗe ido za ta ga farfajiya. Washegari da safe, lokacin da mutane suke sauka, ya wangale ƙofar har bango, ya ɗauko kujerar roba ta banɗaki ya tokare ta, duk da yanzu ba abin da yake tura ta. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonsa. Shi kuwa ya ƙudurta ko takarda ɗari za a rubuto sai dai a rubuto.

Mai Sauri ya wuce, ya rage sauri, ya ɗan ɗaga hannu. Inna ta kawar da kai. Sai ga tsohon nan da karensa. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya gyara murya, ya faɗi kalma ɗaya da ya tsinta daga bakinta, a karkace, da ƙarfi kamar yadda take faɗa:

"Lafiya?"

Auta ya juya ya kalli uwarsa, yana jira. Leɓɓanta suka motsa, ya ga gaisuwar ta taso har ta kai baki. Sai ta ja bargo ta rufe ƙafafunta, ta yafito shi da yatsa. Ya sunkuya ya kai kunnensa.

"Rufe, Auta," ta ce da raɗa. "Kada mu dame su."

"Inna, gaishe ki yake yi. Ki amsa masa."

"Na ji. Yau ya gaishe ni, gobe a rubuto maka. Rufe, don Allah, hankalina ba ya kwanciya."

Ya tsaya tsakanin gadon da ƙofar. Tsohon yana nan da hularsa a hannu, karen yana kaɗa wutsiya. Inna ta zuba masa ido, idon mai roƙo, irin wanda bai taɓa gani ba a fuskar matar nan da take tsawata wa unguwa guda. Ya je ya janye kujerar. Ya yi wa tsohon murmushin da ya koya a ginin, na kalma ɗaya ana tafiya. Sannan ya kama ƙofar da hannunsa ya mayar da ita a hankali, ya riƙe mariƙin har ta zauna, don kada ta yi ƙara.